Injin Ƙungiya: A Buɗe Masa Littafi Tun Bai Kwanta Ba

Maganar da na kawo yau ta injuna ce, na kuwa san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, gama za ta taɓa rabon kuɗin ƙarshen shekara, ta taɓa ma'aji, ta taɓa yaron inji.

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ko ya ratsa ta Garo da Kabo, ko ya je cin kasuwar Getso, in ya leƙa bayan rumfunan niƙa zai ga abin da na ke nufi. Ga gangar jikin inji a jingine, kaza tana kwanci a ƙarƙashinta. Ga injin ban ruwa an cire masa kafireto an ɗaura wa wani. Can a inuwar darbejiya ga tarakta zaune bisa duwatsu, tayoyi sun tafi. Kowane ɗayansu da kuɗi aka saye shi, wani ma har yau ba a gama biyan bashinsa ba. In ka tambaya me ya same shi, sai a ce maka, "Ai haka kawai ya tsaya." Ni dai ban yarda da wannan amsa ba. Kafin inji ya tsaya ya kan yi magana, da hayaƙi, da ƙara, da zafi, da yawan shan mai. Mu ne ba mu rubuta abin da ya faɗa, shi ya sa mu ke mantawa.

Inji ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka kama aikin tare ruwa gadan-gadan, yankinmu kuwa ya sami rabonsa, su Guzu-guzu da Magaga da Pada, daga baya aka gama babban dam na Challawa a ƙasar Karaye a 1992. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta baza ƙananan injunan ban ruwa a fadamu, aka jingine jigo, shirin Fadama na shekarun 1990 kuma ya ƙara yawansu. A wancan zamani har taraktoci a ke haɗawa a ƙasar nan, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi. Watau mun fi shekara 40 muna zaune da inji. Mun koyi tayar da shi, mun koyi kai shi wurin bakanike, kanikawanmu kuwa gwanaye ne, ba mai musu. Abin da ya rage mana shi ne sanin lokacin da zai kwanta tun bai kwanta ba.

Dā ana iya yin sakaci a sha. Yanzu ba hali. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa naira 1,000. Darajar naira ta faɗi a daidai wannan lokaci, kayan gyara kuwa yawancinsu daga waje su ke zuwa. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari neman fistin ko nozul ya san yadda a ke fitowa da gumi. Ƙungiyar da injinta ya buga yau, ba lalle ta iya sayen wani ba ko da an shekara biyu ana karo-karo.

Masu ilimin injuna sun daɗe suna ƙidayar lalacewa, sun kuma ga tana da fasali. Mai kiwon kaji ya riga ya san fasalin. 'Yan tsaki su kan mutu da yawa a makonnin farko. Waɗanda suka tsallake su kan yi ƙarfi, sai dai shaho ko mota ta ɗauki ɗaya jefi-jefi. Sa'an nan tsufa ya zo, mutuwa ta sake yawaita. Haka inji ya ke. Sabon inji ya kan ba da wahala a farko, noti bai ɗauru ba, bel bai zauna daidai ba, ko kuwa tun daga masana'anta an sa masa ƙarfe mai aibu. In ya wuce wannan sai ya shiga shekarun ƙarfinsa, lalacewa ta zama ta tsautsayi, dutse ya biyo cikin hatsi, ko a sayo gurɓataccen mai. Daga nan sai tsufa, boris ya fara kuka, ringi ya saki, hayaƙi ya yi shuɗi. In aka zana wannan a takarda sai ya fito kamar akushi, baki biyu a sama, tsakiya a ƙasa.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Waloddi Weibull, ya bayyana wani lissafi a 1951 wanda manyan masana'antu ke aiki da shi har yau. Ba sai mun iya lissafin ba, amma tambayar da ya ke amsawa ta shafe mu. Wannan ƙarfe, haɗarin lalacewarsa ƙaruwa ya ke yi da yawan aiki, ko raguwa, ko kuwa yana nan yadda ya ke? In ƙaruwa ya ke yi, akwai riba a canja shi kafin ya karye. In yana nan yadda ya ke, canja shi da wuri asarar kuɗi ce kawai, gama sabon ma haɗarinsa ɗaya da na tsohon. In kuwa raguwa ya ke yi, wanda ya cire tsoho mai lafiya ya sa sabo, ya koma kiwon 'yan tsaki ke nan.

Amma inji gaba ɗayansa ba kamar ƙwan fitila ba ne, da in ya mutu sai a yar. Ana gyara shi ya koma aiki, ya sake lalacewa, a sake gyarawa. Ga irin wannan, abin dubawa shi ne ratar da ke tsakanin tsayawa da tsayawa. A ce akwai injin niƙa biyu, kowanne ya yi kwana 360 yana aiki, kowanne ya tsaya sau 4. Ma'aji zai ce ɗaya su ke, kowanne ya kan tsaya sau ɗaya a kwana 90. To, mu buɗe littafi. Na farko ya yi kwana 90 ya tsaya, aka gyara, ya yi 85, sa'an nan 95, sa'an nan 90. Na biyu ya yi kwana 160 kafin tsayawar farko, sa'an nan 100, sa'an nan 65, sa'an nan 35. Na farkon lafiyarsa ƙalau, haka zai yi ta tafiya, abin da ya ke so a ajiye masa kuɗin gyara huɗu a shekara. Na biyun gangara ya ke yi. Tsayawarsa ta gaba wataƙila ko mako uku ba za ta cika ba. Gyaran da a ke yi masa yana tayar da shi ne daga kwance, tsufan kuwa yana nan a cikin jikinsa. Da lissafin juyewa ya yi, 35, 65, 100, 160, da sai mu ce a gode wa bakanike, inji yana samun sauƙi. Lambobi huɗu ne, ɗan firamare ma ya karanta su, amma ba wanda zai riƙe su a ka shekara guda, balle a ƙungiyar da a ke canja shugabanni.

Saboda haka shawarata ta fari, kowane injin ƙungiya a buɗe masa littafi nasa. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa. A sa shi cikin leda a rataye kusa da inji. Kullum a rubuta awa nawa ya yi. Ran da ya tsaya a rubuta me ya lalace, wa ya gyara, nawa aka kashe, kwana nawa ya yi a kwance. Ran da aka canja baƙin mai a rubuta. Injin da ba shi da agogon ƙirga awa, a cika masa tanki a duba agogon hannu a ga awa nawa tankin ke kai shi, daga nan a riƙa ƙirga tanki. Wannan ma yana da tasa riba. Ran da tankin da ya saba kai awa uku ya koma kai biyu da rabi, an san akwai magana, ko a cikin inji, ko a hannun mai sayo man.

Ni da za a bi tawa, littafin injin niƙa a hannun mata zai zauna. Su ne ke bakin inji kullum, su ne ke fara ganin gari ya fito da tsaki ko da baƙin ƙarfe, su ne kuma in ya kwanta za su ɗauki ƙwarya a ka zuwa wani ƙauye, ko su koma kan turmi. Wanda wahalar za ta faɗa wa ba ya manta rubutu. A zumuntar mata ba a rasa mai iya rubutu da ƙirga.

To, kada wani ya ji wannan ya ce, ai rigakafi ya fi magani, bari mu riƙa kwance inji kowane wata uku. A nan ne na rabu da wasu abokan aikina. A lokacin yaƙin duniya na biyu, a 1943, wani masani Bature mai suna Waddington ya duba littattafan jiragen saman sojan Ingila masu farautar jiragen ƙarƙashin teku. Sai ya tarar jiragen sun fi samun matsala nan da nan bayan an yi musu babban gyaran ƙa'ida, daga nan matsalar ta yi ta raguwa har lokacin gyara na gaba. Da aka rage yawan kwance su, jiragen suka ƙara yawan tashi. Haka kuma a 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen United Airlines a Amurka, Nowlan da Heap, suka fitar da rahoton cewa cikin sassan jirgi 100, kimanin 11 ne kawai lalacewarsu ke bin shekaru har a iya yanka musu wa'adi. Jirgin sama dabam, injin niƙa dabam, na sani. Namu kayan suna gugar hatsi da yashi da ƙura, saboda haka masu cinyewa da aiki sun fi yawa a cikinsu. Duk da haka darasin ya shafe mu. Na taɓa ganin an kwance inji mai lafiya domin kawai an ce ya daɗe ba a buɗe shi ba. Aka baje kayan cikinsa a kan buhu a tsakar rana, iskar hunturu tana kaɗawa, aka yanko gaskit daga kwali, aka ɗaure notin kai da ƙarfin hannu ba awo. Bai cika mako biyu ba ya fara amai da mai. Injin da ke tashi da bugu ɗaya, ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai, a bar masa cikinsa.

Abin da ke bin awa, shi za a bi da awa. Na farko baƙin mai. Littafin ƙananan injunan fetur na Honda, irin waɗanda a ke haɗa wa famfon ban ruwa, ya ce a canja man farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100, matatar iska kuwa a wanke ta kowace awa 50, in wuri mai ƙura ne a gaggauta. Mu yi lissafi. Mai ban ruwa awa 5 a rana zai cika awa 100 cikin kwana 20. Watau kusan kowane mako uku. Mu nawa ne ke canja mai sau ɗaya tak a rani, sauran kwanaki sai ƙari a kan tsohon? Ƙari ba ya fitar da dattin da ke ciki. Matatar iska kuwa, a watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ita ce ke tsakanin ƙura da fistin. Na sha ganin an cire ta gaba ɗaya wai inji ya fi ƙarfi in ba ita. Zai yi ƙarfi na 'yan kwanaki, ƙura tana cin ringi kamar takardar goge katako. A rumfar niƙa abin ya fi haka, gama ƙurar gari ba ta da rani ba ta da damina. Injin gas babba a bi abin da nasa littafin ya faɗa, a tace masa mai kafin a zuba, gama ruwa ko datti kaɗan ya isa ya kashe nozul. Sauran masu bin aiki su ne bel, da faifan ƙarfen da ke niƙa, da boris mai son giris, da robar da ke hana famfo yoyo, wadda ke ƙonewa in aka tayar da famfo ba a cika masa ruwa ba. Waɗannan ba su bukatar duba, ido da kunne da tafin hannu sun isa su faɗa maka sun kusa.

Har wa yau, ba kowace tsayawa ce ke da nauyi ɗaya ba. Masana su kan auna abu biyu tare, yawan yiwuwar lalacewa da girman asarar da za ta jawo. Bel ya kan tsinke sau da yawa, amma in akwai wani a rataye, aikin rabin awa ne. Famfon ban ruwa bai cika bugawa ba, amma in ya buga a watan Maris, rana ta take, tumatir da albasa suna tsakiyar bukatar ruwa, kafin a je Kano a dawo a haɗa, mako ya wuce, aikin wata huɗu ya tafi. Injin sussuka da ya kwanta a Yuni ba wanda ya damu. In ya kwanta a Nuwamba, masara tana jibge a gona, kowa sai ya ji a jikinsa. Saboda haka lokacin gyara shi ne lokacin da ba a bukatar inji. Famfo a duba shi a Satumba ko Oktoba kafin a shiga rani. Injin sussuka a Agusta. Tarakta a Maris, tun hadari bai fara haɗuwa ba, lokacin da kanikawa ba su da layi. Ƙungiyoyin da ke maƙwabtaka da juna kuma, me zai hana su yi shawara su riƙa sayen inji iri ɗaya? Safaya ɗaya sai ta yi wa uku, famfo ɗaya na ko-ta-kwana ya tsare gonaki da yawa.

Yanzu ga wurin da ya ke da zafi, watau kuɗi. A yawancin ƙungiyoyinmu abin da inji ya tara a kan raba shi a ƙarshen shekara, kowa ya yi hidimar gida, a yi murna. Sa'an nan inji ya kwanta a Fabrairu, a shiga bin mutane gida gida ana roƙon karo-karo a lokacin da rumbu ya fara sauka. Abin da muka raba ba riba ce duka ba, a ciki akwai kuɗin ringi da boris da muka cinye. Littafi zai nuna nawa ne. A tara abin da aka kashe a gyara bara, a raba da awoyin da inji ya yi, an sami kuɗin gyara na kowace awa. A cire wannan tun daga cinikin yini, kafin a ƙirga riba, a kuma ƙara wani abu domin ranar sayen sabo. Ƙungiyar da ba ta da littafin bara ta fara da naira 1 cikin kowace 10, shekara mai zuwa ta gyara lissafi.

Na san abin da za a ce. Za a ce kuɗin ajiya narkewa ya ke yi, abin da zai sayi fistin bana baɗi ba zai saya ba, a kuma ce kuɗi a hannun mutum ɗaya fitina ne. Duka biyu gaskiya ne. Amsata ita ce kada a ajiye shi a kuɗi. A sayi bel, da filta, da fulogi, da robar famfo, da galan na baƙin mai na asali, a kulle a akwati mai makulli biyu. Abin da ya yi saura a mai da shi masara ko waken suya da kaka, a sa a rumbun ƙungiya, kowa yana ganin buhunan. Wanda ya sayi safaya a natse ya kan zaɓa. Wanda ya je Kano inji yana kwance, mata suna jira, abin da aka miƙo masa zai karɓa, ko jabu ne.

Yaron inji ma a yi masa adalci. In ladansa kaso ne daga cinikin yini, duk awar da ya tsayar da inji domin wanke filta daga aljihunsa ta fita. Ya ji boris yana kuka zai yi shiru, gama in ya faɗa za a tsayar da aiki, wataƙila ma a ce shi ya lalata. Mu muka koya masa shirun. A sa rabin yini ɗaya a mako na dubawa, a biya shi ladansa cikakke a wannan rana, ran da ya kawo labarin wata ƙara tun ba ta zama ɓarna ba a gode masa a gaban taro. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa tayar da inji. Famfon da ke yawo hannu hannu, kowa ya ɗauka yana zaton wanda ya riga shi ya duba mai.

Saura magana mai wuya, ta rabuwa da tsohon inji. Tsofaffin injunan Lister na Ingila, da 'yan'uwansu da a ke ƙerawa a Indiya, an yi su ne domin a yi ta gyarawa, in aka yi musu babban gyara da kaya na kirki su kan dawo kusan sababbi. Ƙananan injunan fetur masu araha ba haka su ke ba. In littafi ya nuna ratar tana raguwa sau uku a jere, an kuma yi babban gyara ba ta buɗe ba, kuɗin gyaran shekara tare da asarar kwanakin kwanciya ya doshi rabin kuɗin sabo, ni shawarata a sayar da shi tun yana tashi. Inji mai tashi yana da kasuwa. Wanda ya buga, 'yan gwangwan ne za su auna shi a sikeli. Na san akwai dattawan da suka sa hannu aka sayo shi, suna jin rabuwa da shi kamar rabuwa da tsohon sa. A karanta musu lambobin a taro, su yanke da kansu.

Waɗanda tsadar fetur ta kora zuwa famfo mai aiki da hasken rana, kada su ce sun huta da littafi. Babu baƙin mai, babu fulogi, gaskiya ne. Amma ƙurar hunturu tana rufe gilashin ta rage ƙarfin ruwa, yashi yana cin famfon da ke cikin rijiya, akwatin wutar kuma in ya ƙone, bakaniken ƙauye ba shi da abin yi masa. A rubuta minti nawa ya ke ɗauka ya cika duro da tsakar rana, gilashi a goge, ranar da aka kafa shi. A sake aunawa kowane wata. Tun ranar saye kuma a tambayi mai sayarwa wa ke gyara akwatin, a ina ya ke zaune, a rubuta a shafin farko.